Ɓarin Hagu na Jirgin Amm Siraj

Mu a Damagaram toliye muke cewa, mutanen Najeriya su ce fanel bita, a nan Jidda kuwa samkari. Ku kira shi da sunan da kuka ga dama, aikin dai ɗaya ne: mota ta daku ta lotse, a kawo maka ita, ka mayar da ita kamar ba abin da ya taɓa samunta. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina wannan aiki a wata warsha, wato garejin gyaran mota, a Khumra. Abin da na fita da shi kuwa kunne guda ne mai ji, da kafaɗa mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sai jikata Ruƙayya, wadda ta taɓa tambayata a gaban baƙi ko gaskiya ne aikina bugun gwangwani ne. Ku yaran warsha na yanzu kada ku yi dariya, don ba ku fi ta ba. Ƙofa ta lotse, ku kwance ta ku jefar, ku ciro sabuwa daga kwali ku ɗaura. In mai motar ya yi kukan tsada, ku lafta ma'ajun, ƙullin nan na cike lotsawa, kamar masu yaɓen rumbu, ku fesa fenti, ku ce halas, an gama. Sannan ku zauna kuna shan shayi kuna cewa sana'ar nan ai ba ta da wuya.

Aikina na farko murfin injin wata tsohuwar tasi ne. Na sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda a 1976 da niyyar in sauke farali in koma gida. Faralin na sauke, komawar ce har yau ake shiri. Wani ɗan garinmu ya kai ni wurin Mu'allim Sale, Bahaushe haifaffen Jidda wanda kakansa ya zo Hajji a ƙafa, ya ce masa yaron nan ɗan maƙera ne, a gida akwatunan ƙarfe yake yi wa amare. Mu'allim ya dube ni sama da ƙasa. Ya jawo murfin nan daga cikin tarkace, ya kai masa guduma ɗaya a tsakiya, ya ce, "Yalla, ɗan maƙera, mayar mini da shi." Na ce a raina wannan ai kafin la'asar na gama. Na juya murfin na dinga jibgarsa ta baya da ƙarfina na saurayi, kafin magariba lotsawa ɗaya ta haifi 'ya'ya da jikoki. Watanni na yi a kan murfin nan ban taɓa motar kowa ba.

Mu'allim ba ya duba aiki da ido. Sai ya ciro hankicinsa ya shimfiɗa a kan ƙarfen, ya ɗora tafin hannu, ya rufe ido, ya shafa a hankali. In ya ji tudu ko kwari, ko da bai kai kaurin farce ba, sai ya ce "Fi," wato akwai, ya naɗe hankicinsa ya wuce. Ba zagi, ba bayani. Abin da kowane yaro a warshar yake jiran ji shi ne "Ma fi," babu komai, aiki ya yi. An ce ya taɓa faɗa wa wani Bayamane ita kafin zuwana, amma ban haɗu da wanda ya ji da kunnensa ba. Ni dai na yi shekara goma a ƙarƙashinsa, na yi aure, na haihu, masu mota suka fara tambayar sunana, amma ban taɓa samun "Ma fi" ba. Ko ranar da mai mota ya rungume ni don murna, Mu'allim yana zuwa da hankicinsa zai ce "Fi."

To bari in gaya muku abin da murfin nan ya koya mini, tunda ba wanda zai ba ku murfi yanzu. Ba inda ya lotse ake fara bugu ba. Daga gefe ake farawa, inda ƙarfen ya tattare, a bi shi a hankali zuwa tsakiya. Hannun dama yana riƙe da guduma, na hagu yana bayan ƙarfen riƙe da sindan, wani dunƙulen ƙarfe ne mai girman sabulun wanki, shi ne uwar maƙerarka ta hannu. Ba ka ganin hannunka na hagu, da kunne kake nemo shi, don ƙarar tana canjawa idan guduma ta sauka daidai kan sindan. Gudumominmu kuma ba ɗaya ba ne. Akwai mai faffaɗan kai ta lallashi, akwai mai tsini ta tayar da ƙaramin kwari, akwai ta icce don wurin da ƙarfe zai bar tabo. Magagari kuwa shi ne ɗan tsegumin warsha, kana goga shi sau ɗaya zai nuna duk inda ka yi ha'inci. Ma'ajun yana nan a gwangwaninsa, amma a wurin Mu'allim buɗe shi kamar ka ce ka gaza ne. Yana da ɗan maganaɗisu a aljihu, duk inda ya manna shi ya faɗo, ya san an cika wurin da ma'ajun, kuma ranar ba za ka ci abincin rana da daɗi ba.

Wata babbar mota baƙa ta taɓa zuwa da sassafe, wani saurayi ne ya tuƙo ta. Motar ubansa ce, uban ya tafi Madina, shi kuma ya goga ta da ginshiƙin ƙofar gida. Na kwana biyu a kan ƙofar baya, na fitar da ita sumul. Da ya dawo sai ya zagaya motar, ya sake zagayawa, ya tsuguna, ya tashi, ya ce, "Ya usta, ina wurin?" Na nuna masa. Ya ce anya kuwa, wataƙila dama lotsawar ba ta kai yadda ya zata ba. Wannan ita ce masifar sana'armu, kuma ku riƙe ta da kyau. Magini yana wucewa da 'ya'yansa ya nuna musu bene ya ce ni na gina. Tela yana ganin rigarsa a masallacin Juma'a. Samkari kuwa in ya yi aikin banza kowa zai gani, in ya yi na kirki ba mai gani, har shi mai motar sai ya fara shakkar ya taɓa yin haɗari. Bayan 'yan shekaru kuma motar ta tafi tashlih, maƙabartar motoci, a matse ta ta zama dunƙule.

Aiki mafi ƙanƙanta da na taɓa yi, matata Zulai na yi wa. Matan unguwarmu a Aziziyya suna aron kayan juna in ana biki ko suna, kuma tire yana fita gida cikin sauƙi amma dawowarsa sai an yi shari'a. Shi ya sa kowace mace take sa wa nata alama, wata da jan farce, wata da ɗigon fenti. Zulai tana da wani babban tiren alminiyon da mutum shida za su zagaye su ci shinkafa, ta ce ita ba ta yarda da jan farce ba, tunda ta auri mai ƙarfe a rubuta mata sunanta yadda ba zai goge ba. Na ɗauki ƙusa na zana mata Zulai da haruffan Larabci a bayansa. Ta duba ta ce rubutun kamar tafiyar kaza, amma zai yi.

Sai muguwar shekara ta zo, wajen 1986, lokacin da farashin mai ya faɗi. Kamfanonin gine-gine suka tattara nasu ya nasu, ma'aikata suka yi ta komawa ƙasashensu, manyan motocin da muke ci da su suka tsaya a fili ƙura tana rufe su. Wanda motarsa ta lotse sai ya ci gaba da hawanta a haka, ya ce ai tana tafiya. A cikin wannan shekara Mu'allim Sale ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba, Allah ya jiƙansa. Ya tafi da "Ma fi" ɗinsa bai ba ni ba. Warsha ta rage a hannuna, ni da gudumomi muna kallon juna. Kafilina, Balaraben da nake zaune a ƙasar da sunansa, ya fara zancen rufe wurin, kuma in an rufe ba warsha kaɗai ta tafi ba, har da iƙamata, takardar izinin zamana, da zaman iyalina a garin nan. Abin da ya riƙe gidanmu a lokacin tiren nan ne. Zulai ta shiga dafa shinkafa da wake, tana jera kwanuka a kansa ana kai wa leburorin da suka rage. Ni mai sana'a, ni mai gida, sai ga ni ina cin gumin tire.

Jirgin Amm Siraj ya same ni ne a wannan hali. Amm Siraj, wato Baffa Siraj, tsohon ɗan kasuwar kayan ƙamshi ne da ya ajiye ciniki ya koma tara tsofaffin kaya, yana son ya mai da wani gidansa da ke kudancin gari ɗan gidan tarihi. Ya zo warsha da sandarsa ya ce, "Kai ne yaron Sale? Ina da mara lafiya, amma ba mota ba ce." Na bi shi. A bayan gidan sai ga ƙaramin jirgin yaƙi mai farfela ɗaya, na zamanin yaƙin duniya na biyu, ya sayo shi a matsayin tarkace daga ƙetaren Bahar Maliya. Sarƙar da aka ɗaure shi da ita a kan babbar mota ta matse ɓarin hagu a ƙasan hanci, falle guda na jikinsa ya tattare ya yage. Shi yake so a gyara. Na zagaya ɓarin dama sai na ga ramuka a jere, wasu yatsa zai shiga. Hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na ce, "Ya amm, waɗannan ma zan toshe maka su, kyauta, ba za ka gane wurin ba."

Tsohon nan ya kusa sumewa. "Toshe me? Ya waladi, ɗana, harsasai ne! Saboda ramukan nan na sayi jirgin!" Daga ranar ya sa aka ajiye masa kujera a ɓarin dama, ya zauna da sandarsa a kan cinya yana gadin ramukansa, kamar ni ne abokin gaban da ya rage.

Jikin jirgi ba ƙarfen mota ba ne, alminiyon ne. Maganaɗisu ba ya kama shi, kuma yana da wani hali: kana bugunsa yana ƙara tauri, har ya kai inda zai tsage ba sallama. Fallen da ya yage ba ya gyaruwa, dole a yi sabo, mai lanƙwasa ta fuska biyu kamar ɓarin ƙwarya. Na samo falle a wurin masu tagogi, ya tsage. Na sake samowa, ya sake tsagewa, don irin nasu mai tauri ne. Halin sayen na uku kuwa babu, kuma Amm Siraj ya fara tambaya ko in kira wani. Ranar nan da rana muna cin abinci a gida, ashe ni ba abincin nake ci ba, gefen tiren nake shafawa ina ƙwanƙwasa shi da farce ina sauraro. Zulai ta ce, "Alhaji, shinkafar tana tsakiya." Kunyar roƙonta tiren ta kama ni. Na san abin da tiren nan yake yi mana. Washegari da zan fita sai na same shi a bakin ƙofa, an wanke shi tas an jingine. Ta ce, "Zan ari na maƙwabciya. In ya zama jirgi ka ce masa ya kai ni Damagaram."

Ga yadda ake yi, ku saurara. Ka shafa wa alminiyon sabulu, ka bi shi da wuta a hankali har sabulun ya yi baƙi, a nan za ka tsaya. In ka ƙara kaɗan ya narke ya bar ka da kuka. In ya huce sai ya yi laushi, ka ɗora shi a kan buhun yashi ka bi shi da gudumar icce, in ya fara tauri ka koma wa sabulu da wuta. Na yanke bakin tiren, na lanƙwasa shi, ina gwadawa da ɗan'uwansa na ɓarin dama, Amm Siraj yana harara ta duk lokacin da na matso kusa da ramukansa. Na huda shi daidai tsofaffin hudoji, na ɗinke shi da birsham, ƙananan ƙusoshin nan da ake dunƙule wa kai, kowanne tazararsa ɗaya da ta masu ƙera jirgin. Abin da ya fi ba ni wuya ma tsufar da shi ne, don sabon fenti a jikin tsohon jirgi kamar haƙorin Makka ne a bakin tsoho, daga nesa ake hango shi. Na haɗa launi, na kashe ƙyallinsa da toka da ragowar ganyen shayi, na bar iskar teku ta yi sauran. Da Amm Siraj ya zo dubawa, ya sa tabarau ya cire, ya ce, "Fen?" Wato ina wurin yake. Bayan ya tafi na shimfiɗa hankicina na rufe ido na shafa, ban ji komai ba. Amma hannun mutum ba ya ba da shaida a kan aikin kansa, wanda zai ba da ita kuma yana ƙasa.

Aikin nan ne ya tsamo mu. Abokan Amm Siraj masu tsofaffin motoci suka fara zuwa, kafili ya bar zancen rufewa, aka sabunta iƙama. Ni kuwa na samu labari. Duk baƙon da ya zo gidanmu sai ya ji yadda na gyara jirgin yaƙi, kuma kamar yadda labarin maza yake, yana girma yana zubar da abin da bai dace da shi ba. Guduma ta zauna a ciki, wuta da sabulu suka zauna, Mu'allim da hankicinsa suka zauna, tire kuwa ya faɗi a hanya ban ma lura ba. Zulai tana ji, ba ta taɓa gyara mini labarin ba. 'Ya'yana suka haddace labarin har suna gama mini shi. Sai Ruƙayya, 'yar ɗana Mansur, ta taso. Yarinyar nan tana jin Hausa sarai amma da Larabci take mayarwa, tana ce mini Sidi, kakarta kuma Sitti, yadda yaran Jidda suke yi. Wata rana ina tsakiyar labarin ta katse ni. "Sidi, baban ƙawata injiniya ne, ya nuna mana gadar da ya yi. Kai nuna mini abu ɗaya da ka yi. Wahid bas." Na buɗe baki na fara lissafa motoci a raina, duk sun tafi tashlih. A duniyar nan aikina guda ɗaya ne ya rage a tsaye, kuma in yarinyar nan ba ta gan shi ba, a wurinta ni mai bugun gwangwani ne har in mutu.

A 2012 ne, bayan na miƙa warsha ga wasu, na matsa wa Mansur ya kai mu ranar wata Alhamis. Na sa aka goge mini farar riga, na fesa turare, har gemu na gyara, kamar wanda za a naɗa sarauta. Amm Siraj ya daɗe da rasuwa, wani saurayi Basudane ne yake kula da wurin, shi ne mai gadi shi ne mai bayani. Gidan ɗakuna ne ƙanana cike da kaya: gwangwanayen masu sayar da ruwa na da, tagogin katako masu sassaƙa na tsohon gari, akwatunan alhazai, rediyoyi, hulunan matuƙa jirgi da tabaransu. Iyalina suka bazu kamar an sake su a kasuwa. Zulai ta tsaya gaban wani risho ta ce irinsa ne ta yi girkin amarci da shi, ashe mun zama tarihi ba a gaya mana ba. Ni kuwa ina ta kora su kamar makiyayi, ina cewa ku bar wannan, ba shi muka zo gani ba.

Jirgin yana nan a bayan gida, an yi masa rumfa an zagaye shi da igiya. Saurayin ya fara da ɓarin dama, ya nuna ramukan harsasai, ya yi ta bayani. Ruƙayya ta roƙa a bar ta ta sa yatsa a ciki, Mansur ya yi ta ɗaukar hoto. Ni ina gefe ina murmushi, ina cewa ku gama da aikin masu ɓarna tukuna. Muka zagayo ɓarin hagu, na gyara tsayuwa, na gyara hula. Sai saurayin nan ya ce, "Wannan ɓarin kuwa, subhanallah, ba abin da ya taɓa shi. Yadda ya fito daga hannun masu ƙera shi haka yake." Ya juya zai wuce.

Na ce, "Tsaya, ya waladi. Falle guda a nan ni na yi shi."

Ya ce, "Na'am, ya amm," da irin muryar da ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa. Na nemi izini na ƙetare igiya, na sa tabarau, na nuna falle na ce ga shi. Sai na dubi na kusa da shi, na ce a'a, wannan ne. Na sake dubawa, shekara ashirin da biyar sun bi ta kansu gaba ɗaya, duk sun yi tsufa iri guda. Na shafa da hannu, to tafin da ya sha guduma shekara talatin ba ya jin komai sai abin da ya kai girman tsakuwa. Na ƙwanƙwasa, kunnen da zai bambance ƙarar ya daɗe da yin ritaya. Na tsaya ina nuna nan ina nuna can kamar mai neman akuyarsa a kasuwar dabbobi. Mansur ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa. Ruƙayya ta zo ta riƙe mini hannu ta ce, "Ma'alesh, Sidi. Mu je mu sha ruwa." Da dariya ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Tausayina take ji, ta gama yanke hukunci kakanta labari kawai yake bayarwa. Wallahi ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na lokacin ba.

Duk wannan abin Zulai tana zaune a benci cikin inuwa tana fifita da gefen mayafinta. Sai da ta bari na dahu sosai sannan ta yi magana. "Ke Ruƙayya, karɓi wayar babanki ki kunna fitila. Ya waladi, ka yi haƙuri ka bar ta ta leƙa ta wurin tayar nan. Ki ɗaga kai sama, ki duba ta ciki." Saurayin ya ɗaga igiya. Yarinyar ta durƙusa ta cusa kai da kafaɗa, muna ganin ƙafafunta kaɗai. Can sai muka ji muryarta daga cikin jirgi tana haɗa baƙi, "Zu... lai." Ta yi ƙara. "Sitti! Ismik! Sunanki ne a cikin jirgi!"

Ni ne na zana sunan da hannuna, ni ne na juya shi ciki na ɗinke da birsham, amma na faɗi labarin ba tire sau ba adadi har ni kaina na manta. Saurayin ya cire hularsa ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya fito yana salati. Mansur ma ya ɓata wandonsa ya leƙa. Nan take aka zagaye Zulai, ta gyara zama, ta ba su labarin muguwar shekara da shinkafa da wake da tiren mutum shida, har da cewa jirgin ya ci amanarta bai kai ta Damagaram ba. Saurayin ya ce daga yau zai riƙa gaya wa baƙi. Ni, mai farar riga da turare, ina tsaye a gefe kamar falwaya, ba wanda ya ko dube ni. Na ce a raina to madalla, shekara talatin na guduma, abin da ya shiga gidan tarihi tiren matata ne.

Ruƙayya ce ta baro su. Ta koma ta leƙa ciki ta ƙwanƙwasa, ta fito ta gane fallen ta waje, ta tsaya tana kallonsa ta matso ta ja baya. Sannan ta miƙo mini hannu ta ce, "Sidi, ba ni hankici." Ashe duk shekarun da nake zuba tana hamma, tana ji. Na ba ta. Ta shimfiɗa shi a kan fallen, ta ɗora ɗan tafinta, ta rufe ido, ta shafa daga tsohon jikin jirgi zuwa tiren kakarta, ta dawo, ta sake bi a hankali. Ta daɗe tana yi. Sannan ta buɗe ido ta dube ni.

"Ma fi, Sidi."

Na juya mata kunnena mai kyau na ce, "Me kika ce? Faɗa ta wannan ɓarin."

Zulai ta ɗago daga benci ta ce, "Ƙyale shi, ya ji. Ƙari yake nema."